Ranar da Manhajar Anti Binta Ta Goge Jarfar Dije

Na san za a ce mai shekara goma sha bakwai ba ta isa rubuta tarihin rayuwa ba. Mama ma ta faɗa, ta ce in bari sai na iya tuƙa tuwo babu gudaji tukuna. Amma ku 'ya'yana da ban haifa ba, waɗanda ko ubanku ban sani ba, dole in ajiye muku wannan babin tun yanzu, domin Anti Binta ta riga ta fara ba da labarin a gidajen biki da suna, kuma duk bayarwa sai ta ƙara wa kanta jarumta ta rage mini. A na ƙarshe da na ji, wai ni ina gefe ina cin gyaɗa. Ba haka aka yi ba. Ni ce a kan kujerar kwamfuta daga farko har ƙarshe, gyaɗar kuwa tun da safe ta ƙare.

Anti Binta ƙanwar Babana ce. Ta yi shekaru a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya tana buga takardun da ita kanta ta ce ba wanda ke karantawa, sai wata rana ta ajiye aikin ta buɗe shagon hoto a Bwari. Ba hoton biki take yi ba, ta ce amare sun cika ƙorafi. Hoton 'yan makaranta take ɗauka, irin wanda ake zaunar da yaro a kan 'yar kujera a gaban shuɗin ƙyalle, a ce ya ɗaga haɓa. Shekarar da na gama sakandare ina zaman jiran jami'a, Babana ya gaji da ganina ina gwada wa ƙannena yadda ake kwaikwayon tarin maƙwabcinmu, ya tura ni wurinta. Cikin wata guda kwamfutar shagon ta dawo hannuna gaba ɗaya, domin Anti tana taɓa ta ne da yatsa ɗaya kamar mai gwada zafin tukunya.

Abin da Anti ta fi ni sani shi ne kasuwa. Tana cikin wani guruf na masu hoto a waya, inda kullum ake zuba dabarun sana'a, kuma tana bin su kamar umarnin likita. Wasu dabarun gaskiya ne, na gani da idona. A ɗauki 'yan nazire kafin a fita tara, domin bayan tara rigunansu sun zama taswirar manja. Kada a ce wa yaro ya yi murmushi, sai ya buɗe haƙora kamar za a cire masa ɗaya, gara a tambaye shi sunan wanda ya fi kowa surutu a ajinsu. A kai samfurin hoto hannun uwa, domin uba zai duba sau ɗaya ya ce ai na bara yana nan. A kwashe hotuna daga memori, wato katin ajiya na kyamara, a share shi da an dawo, don kada na wata makaranta su haɗu da na wata. A guruf ɗin ne kuma aka tallata mata wata manhaja da ke yin aikin mutum goma. Ka zuba mata hotunan makaranta guda, ta jera su aji aji, ta daidaita haske, sannan ta bi fuskokin ta goge duk wani ƙurji da tabo da busasshiyar majina. Ranar da na fara gwada ta a kan fuskata, ƙurajen goshina da suka yi shekara uku suna biyan haya suka ɓace kafin in ƙifta ido. Na zauna ina kallon wata kyakkyawar yarinya mai suna irin nawa har Anti ta ce in tashi in share shago. Iyaye mata na cikin gari suka haukace a kan hotunanmu. Wata Hajiya a Gwarinpa ta rungume Anti ta ce ba ta taɓa sanin ɗanta kyakkyawa ne ba.

A damunar shekarar muka samu aiki a wata ƙaramar makaranta da ke bayan gari, inda kwalta ke ƙarewa. 'Ya'yan ma'aikata ne a ciki da 'ya'yan manoma Gbagyi, sai 'yan Fulani kaɗan daga rugar da ke bayan dutse. A cikinsu na ga Dije. Ba za ta wuce shekara goma ba, siririya, yunifom ɗin ya yi mata yawa. Tana da jarfa a gefen bakinta hagu da dama, ƙananan ɗigo baƙaƙe a jere kamar an shuka su, da wani ɗan layi da ya sauko daga goshi zuwa tsakanin gira. Anti ta tambaye ta wa ya fi surutu a ajinsu, sai kawai ta kalli cikin kyamarar kai tsaye, irin kallon da ya sa ni mai riƙe da fitilar hoto na gyara tsayuwata. Muka dawo shago, na zuba hotuna, manhaja ta yi aikinta, firinta ya yi ta amai har yamma. Ba wanda ke tsayawa duba fuska ɗaya bayan ɗaya, ai don kada a tsaya ɗin aka sayi manhajar.

Ranar kasuwa ce, bayan azahar, aka yi sallama a bakin shago. Wata tsohuwar Bafulatana ta sauke ƙwaryar nono daga kanta ba tare da ta lanƙwasa baya ba, ta shigo, Dije na biye da ita cikin kayan gida. Tsohuwar doguwa ce, in na ce kanta ya kusa taɓa fanka za ku ce na fara, to amma ya kusa. Daga baya na ji sunanta Inna Hajjo, kakar Dije ta wajen uwa. Ta ɗaga faifan da ke kan ƙwaryar, ta zaro hoto ta ajiye a kan tebur.

"Hajiya mai hoto, ɗiyar wa ne wannan?"

Anti ta leƙa, ta saki murmushin da ake koyarwa a guruf.

"Ai Dije ce, Inna. Jikarki. Kin ga yadda ta yi kyau?"

"Jikana yana nan tsaye a bayana. Wannan ban san shi ba. Ku mayar wa uwarsa, ƙila yana nema."

Na miƙa wuya na duba. Fuskar da ke hoton sumul take kamar ƙwai, babu ɗigo ko ɗaya, babu layin goshi. Manhaja ta ɗauki jarfar a matsayin datti ta share. Na dubi Dije ta gaske, na dubi ta takarda, sai na ji tsikar jikina ta tashi, domin kuwa gaskiyar tsohuwar ne. Idon nata ne, hancin nata ne, amma yarinyar wata ce daban, irin wadda za ka iya samu a kowane gida a Abuja.

Anti ta aike ni in kawo lemo mai sanyi, domin dabara ta ce in mai saye ya zo da fushi a fara jiƙa masa maƙogwaro. Inna Hajjo ba ta ko kalli kwalbar ba. Ta zauna a ƙasa duk da kujerar da aka miƙa mata, ta yi magana a hankali, ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ta ce shugabar makarantar ta taka har ruga, ta zauna a tabarmarta, ta sha nononta, ta yi mata alkawarin karatu kawai za a ƙara wa yarinyar, ba za a cire mata komai ba. A kan wannan maganar ta saɓa wa mazan gidan ta bar Dije ta tafi.

"Yanzu ga shi an fara cirewa a takarda. Ni ba zan zauna in jira a cire a jiki ba. Tun ranar da wannan abu ya shigo gida, ƙafarsa bai ƙara taka makaranta ba, kuma ba zai taka ba."

Dije tana tsaye jikin ƙofa tana murza bakin mayafinta. Ba ta yi kuka ba, amma idonta yana kan shuɗin ƙyallenmu da aka jingine, wanda aka zana wa kantar littattafai. Ni da ba na iya ganin shiru in ƙyale shi, na ce a ba ni baƙin biro in mayar da ɗigon yanzun nan, ai na iya zane. Kallon da Anti ta yi mini har yau in na tuna sai na gyara ɗankwali. Ita kuma ta ce abu mai sauƙi ne, ga kyamara ga yarinya, a sake ɗauka kyauta har da firam.

"A'a," in ji Inna. "Sabo ba shi na zo nema ba. Wanda na'urarku ya haɗiye nake so ya amayo. Ina so in gani da idona ko abin da kuke cirewa yana dawowa. In yana dawowa, mu yi magana. In ba ya dawowa, na san abin da boko yake."

Anti ta matso kusa da kunnena ta tambaye ni memori. Na tuna mata mun share shi, bisa dabara. Na bincika kwamfutar lungu lungu, duk inda na buɗe Dije mai fuskar ƙwai ce ke kallona. Abin da ya rage shi ne wata lambar waya a can ƙasan manhajar, ta masu taimako, wadda ba mu taɓa kira ba. Anti ta ce ni zan yi magana, wai Turancina ya fi gudu. Na kira. Aka sa mini wani kiɗa na jira har na ji kamar na tsufa na yi jikoki a kan kujerar. Daga ƙarshe wata mata ta ɗauka, ta ce sunanta Madam Bose, daga Legas. Na zuba mata bayani kamar famfon da ya ɓalle. Ta ce in numfasa. Ta tambaye ni wane irin tabo ne aka goge, na ce ba tabo ba ne, jarfa ce, zanen gado. Sai ta ce in danna wani wuri in karanto mata lambobin da suka fito, in kuma ɗauke hannuna daga kwamfutar.

'Ya'yana, ƙila a zamaninku wannan ba komai ba ne. Amma ni ina zaune, hannuwana biyu a sama kamar an tare ni a hanya, sai 'yar kibiyar nan ta allon kwamfuta ta motsa da kanta. Ta yi gefe, ta tsaya kamar mai tunani, ta gangara ta buɗe wata ƙofa da ban taɓa sanin tana nan ba. Mace tana zaune a bakin teku, hannunta yana cikin shagonmu a Bwari. Anti da ke cewa ita ce jarumar labarin, na ji ta sarai tana karanta Ayatul Kursiyyu ƙasa ƙasa. Inna Hajjo kuwa ko gezau. Ta taso ta tsaya a bayana, ƙamshin man shanu da hayaƙi ya lulluɓe ni.

"Ke 'yar Kaɗo, wa ke kora wannan abu?"

"Wata mata ce a Legas, Inna."

"Yana ganinmu?"

"Allon kawai take gani. Amma tana jinmu."

"To ba a shiga gidan mutane haka. Gaishe shi. Tambaye shi ya gida, ya yara, ruwa ya sauka a wajensu?"

Na fassara. Madam Bose ta yi dariya har wayar ta yi ƙara, ta ce a gaya wa Mama, wato Inna, ruwa ya sauka har ya yi yawa, jiya da ƙyar ta isa gida. Inna ta ce Allah ya sa na amfani ne. Sai da aka gama wannan kibiyar ta ci gaba da tafiya. Madam Bose ta yi mini bayani cewa manhajar ba ta yar da hoton asali, tana ɓoye shi ne a ƙarƙashin wanda ta gyara, kamar zani a ƙarƙashin zani. Ta buɗo fuskar Dije ta cika allon da ita, ta kama wani ɗan maɓalli a gefe ta fara jan shi baya sannu sannu.

Da farko ba abin da ya canza. Sai wata inuwa ta bayyana a gefen baki. Sai ɗigo ɗaya, sai na kusa da shi, suna fitowa daga cikin fatar kamar yadda taurari ke fitowa bayan magariba, ba ka ganin lokacin da kowanne ya zo, sai dai ka ga yana nan. Layin goshi ya sauko ya tsaya a wurinsa. Har wani ɗan tabo a haɓa ya dawo, da ƙurar hanya a kan gira. Madam Bose ta ƙara girman hoton har ido ɗaya ya kusa cika allon, kuma a cikin baƙin idon na hango fitilata, da Anti a durƙushe da kyamara, da ni kaina 'yar mitsitsiya, da bishiyar mangwaron makarantar gaba ɗayanta. Duk muna cikin idon yarinyar tun ranar, ba mu sani ba.

Inna ta ce a koma wajen bakin, gefen hagu. Ta kai yatsa ta taɓa gilashin, wurin wani ɗigo da ya ɗan kauce daga layin 'yan'uwansa. Ba ta ambaci sunan 'yarta, uwar Dije, ba, domin 'yar fari ce, kuma su ba sa kiran sunan 'yar fari ko bayan rai ya yi halinsa.

"Waccan ne ya yi masa da hannunsa, da allura da baƙin tukunya. Na ce ya bari in yi, ya ƙi. Da ya zo nan yarinya ya yi kuka ya kira shi, hannun ya yi rawa. Shi ne wannan. Damunar da ya biyo baya muka binne shi."

Dije ta baro jikin ƙofa. Ta zo ta tsaya dab da allon, ta ɗora yatsa a gefen bakinta tana lalube har ta samu wurin. Ashe ba a taɓa gaya mata ba. Na fassara wa Madam Bose da muryar da ba tawa ba. Can ta ce mahaifinta ma yana da zane a kumatu, kuma tun da ta fara aikin nan ba wanda ya taɓa kira a kan a mayar da wani abu, kowa kira yake a ƙara gogewa. Sannan ta ce in tambayi mai shago, wannan fuskar kaɗai za a bari, ko a kashe gogewar gaba ɗaya.

A nan zan ba Anti haƙƙinta, ko da ita ba ta ba ni nawa. Ta san abin da ke sayar da hotunanmu. Na ga tana kallon kwalayen makarantun cikin gari da ke jere a kan kanta, tana cizon leɓe. Ta tambaye ni, a makarantar su Dije kaɗai, yara nawa ne masu zane ko tabo. Na ce ban ƙirga ba, amma akwai. Ta ce a kashe. Abin ya ci mu kuwa. Zangon da ya biyo baya wata babbar makaranta ta koma wurin wani mai hoton, Hajiyar Gwarinpa ta bugo waya tana tambayar me muka yi wa ɗanta, Anti ta ce ba mu yi masa komai ba, matsalar ke nan. A guruf aka yi mata ca har ta fita. Hotunan makarantar bayan gari kuwa sai da muka sake buga su duka, firinta ya yi zafi har ana iya gasa masara a kansa.

Amma a ranar ba mu kai nan ba tukuna, domin Inna Hajjo ba ta gama da mu ba. Na buga sabon hoton, ta karɓa ta juya shi gaba da baya, ta sa a ƙarƙashin faifai. Muka yi sallama da Madam Bose, aka yi ta aika gaisuwa ga mutanen gida. Ina ajiye waya Inna ta ce:

"Wannan na'ura naku don matar Legas yana tsaye a kansa ne ya ji tsoro. Yanzu da ya tafi fa? Ɗauke ni. In ga ko zai taɓa ni."

Ba ta taɓa yin hoto ba sai na katin zaɓe, wanda ta ce ko saniya aka ɗauka haka zai fito. Muka rataya shuɗin ƙyalle. Ta zauna a kan 'yar kujerar 'yan nazire, gwiwoyinta sun kusa kai haɓarta, bayanta a miƙe kamar sanda, kantar littattafan zane a bayanta. Anti ta durƙusa, kuma da bakin sabo ta fara tambayar wa ya fi surutu, sai ta haɗiye sauran. Fitila ta haska. Na zuba hoton a manhajar ina addu'ar duk da na iya, har da ta shiga kasuwa.

Fuskar ta cika allon, ba a taɓa ko gashi ɗaya ba. Ban taɓa kallon fuskar tsoho haka ba, kullum gaishe su nake in wuce. Layuka ne a kanta birjik kamar hanyoyin shanu in an hango su daga kan dutse, wasu sun haɗu wasu sun rabu. Jarfarta ta koɗe ta zama shuɗiya shuɗiya ta nutse cikin tamoji, amma tana nan, jeri iri ɗaya da na Dije. Hujin kunnenta ya ja saboda nauyin 'yan kunnen shekaru. Idanun kuwa, sai na ga kamar su ne ke duba ko an taɓa mu. Inna ta tsaya a gaban allon ta daɗe, har wani mai son hoton fasfo ya shigo ya zauna jira. Ta shafa kumatunta, ta dubi na allon.

"Ashe haka na tsufa, duk rugar nan ba wanda ya gaya mini."

Dije ce ta fara dariya, karo na farko da na ji muryarta sosai, sai Anti, sai mai fasfo. Inna ba ta yi ba, amma gefen bakinta ya motsa. Ta zuba mana nono a kofin shayin Anti ba tare da ta tambaya ba, ta naɗa gammo, ta ɗora ƙwarya. Ba ta ce komai a kan makaranta ba, mu kuma ba wanda ya yi ƙarfin halin tambaya. A bakin ƙofa, ba tare da ta waiwayo ba, ta yi wa Dije wata gajeriyar magana da Fulatanci ta sa kai cikin kasuwa. Na riƙo hannun yarinyar na ce me ta ce, don Allah, kafin zuciyata ta faɗo ƙasa.

"Ta ce in yi sauri," in ji Dije tana zame hannunta. "Wai yunifom ɗina yana ƙarƙashin buhun dusa, in ban wanke shi da sauran rana ba, ba zai bushe kafin safe ba."